Injiniya Bilyamin da Kafet ɗin Ya Kaka

A unguwar Hausari ta Potiskum babu wanda ya raɗa wa Bilyamin sunan injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, bayan ya yi ɗan zama a Legas wajen wani ɗan uwansa mai shagon kayan sauti, inda aikinsa, in gaskiya za a bi, bai wuce goge kanta da sayo abinci ba. Da ya dawo gida sai ya kafa rumfar cajin waya a bakin babban titi, ya sa aka rubuta masa allo: "Injiniya Bilyamin, Likitan Sauti." Duk rediyon da ya shiga hannunsa yana tari, to zai fito ko numfashi ba ya yi. Amma baki kam, Allah ya hore masa. In ya ɗauko zancen Legas a majalisar mai shayi, sai shayin mutane ya huce ba a kai ga sauka daga mota a Agege ba.

Matarsa Murjanatu ta haifi ɗansu na biyu, ƙanin Abbas, ana cikin zafin bazara. A cikin 'yan barka ne labari ya zo cewa kawunta, Alhaji Maigandi, babban dillalin shanu, ya gama gina ɗakin taro a Gadaka, yana neman wanda zai ɗora wa aikin haɗa kayan sauti da kula da su. Kuma Alhajin da kansa zai zo suna.

Bilyamin na jin haka ya rufe rumfa, ya hau motar Kano. Washegari Hammawa, abokinsa mai Keke Napep, ya sauke shi a ƙofar gida da wani baƙin akwati na hannu da wayoyi a naɗe kamar hanjin akuya.

Hammawa ya ce, "Wai mene ne wannan da ka hana ni taka burki saboda shi?"

"Wufa kenan. Ita ce ke fitar da kakkaurar murya, gum-gum ɗin nan da ake ji a ƙirji. In na kunna ta ranar suna, Alhaji ba zai bar gidan nan ba sai ya miƙo mini makullin ɗakin taron."

Hammawa ya juya akwatin gaba da baya. "To ina bakinta?"

Bilyamin ma bai sani ba. Ya laluba, ya laluba, sai da suka kifa ta suka ga sifikar a ƙasa take, tana kallon ƙasa, tsakanin wasu gajerun ƙafafu.

Ya gyara hula ya ce, "Ai na sani, gwada ka nake. Ta manya ce. Ba ta magana da baki a sama kamar ku."

Falon Bilyamin siminti ne da ya tsattsage, shi ya sa Murjanatu, don kada ta ji kunyar danginta, ta roƙi Ya Kaka aron kafet. Ya Kaka dattijuwa ce Babarbariya, maƙwabciyarsu, ita ce kuma ke zuwa safe da yamma tana yi wa mai jego wanka. Kafet ɗin nan daga Makka ta zo da shi, ja wur, mai kauri, ƙafa na nutsewa a ciki har idon sawu. Jikokinta ma daga bakin ƙofa suke kallonsa. Da aka shimfiɗa, sai ta tsaya a kan Bilyamin ta ɗaga yatsa.

"Ɗan nan, don 'yata na bayar, ba don kai ba. Ban da takalmi. Ban da tofin goro. In shayi ya ɗiga a kai, ni da kai ne."

Ya dafa ƙirji. "Haba Ya Kaka. Ni da na taka kafet ɗin otal-otal a Legas? A hannun masani kika bar shi."

Tana fita ya tada janareto, ya girke wufa a tsakiyar falo, ya jona wayoyi, ya kira Hammawa ya zo ya shaida. Ya danna rimot da ɗan yatsa ɗaya, yana kallon rufi, irin na wanda ya saba.

Ƙananan sifikun da suka zo tare da wufar suka ɗauka ras. Wufa kuwa ta nutse a cikin gashin kafet har ƙafafunta suka ɓace, ta fara wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar bijimin da aka cusa wa tsumma a baki.

Hammawa ya kara kunne. "Injiniya, ko a ba ta kanwa? Ciki ne ke damunta."

"Kai ba ka san sauti ba. Ɗumi take yi."

Ta yi ɗumi har la'asar, ba ta canja ba. Bilyamin ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe da gashin kafet a gemu.

Ya ce, "Na gano. Kafet ɗin nan ne ke shanye muryar, kamar yadda rairayi ke shanye ruwa."

Murjanatu ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa. "To Baban Abbas, ka naɗe gefen kafet ɗin mana, ka ajiye ta can lungu a kan siminti."

Ya yi dariyar tausayi. "Lungu? Ai sauti cibiya gare shi, kuma cibiyarsa tsakiyar ɗaki. Ke dai ji da jegonki, ki bar wa masu ilimin abu abinsu."

Ya shiga kicin ya ɗauko babban tiren ƙarfe na kayan aurenta, ya kifa a kan kafet, ya ɗora wufa, ya ƙure murya. Wannan karon an ji ta. Tire ya ɗauki rawa, karrr, karrr, har haƙoran Hammawa suna haɗuwa. Ba a jima ba aka yi sallama. Muhsina ce, maƙwabciyarsu mai ƙosai, riƙe da bokitin jiƙaƙƙen wake.

Ta ce, "Barka da arziki, Malam Bilya! Ashe injin markaɗe ka sayo? Wallahi ka hutar da mu zuwa bakin kasuwa. A yi mini laushi, na safe ne."

"Wane irin markaɗe? Kiɗa ne wannan!"

Ta ɗan saurara, ta karkata kai. "Kiɗa? To ko wanda ya yi shi yana da farfaɗiya?"

Hammawa ya faɗa bayan kujera yana riƙe ciki. Kafin magariba mata uku sun aiko tambayar ko injin yana niƙan gero.

Washegari ya sake dabara. Ya ce laifin tire ne, ƙarfe ba ya jituwa da bes, wato kakkaurar muryar nan, itace ake so. Ya mirgino turmin gidan, ya kifa shi a kan kafet, ya ɗora wufa a gindinsa kamar an naɗa mata sarauta. Ya kunna. Ta yi gum sau ɗaya mai kyau, har ya juyo zai yi wa Hammawa gori. A gum na biyu ta matsa. A na uku ta sulluɓo ta sauka a kan babban yatsansa na ƙafa.

Ihun da ya yi ya fi duk abin da wufar ta fitar tun zuwanta. Jariri ya farka ya tsanyare. Ya Kaka ta fito daga bayan gida hannunta duk kumfa.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Ya Kaka. Gwaji muke."

Ta ga turmi a kan kafet ɗinta. Ta dubi turmin, ta dube shi yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

"Daka za ka yi a kai? Ka fitar mini da shi kafin in daka ka a ciki. Yaro bai yi sati a duniya ba kana so ka toshe masa kunne. Kai da akwatin nan, ban san wanda ya fi wani rashin amfani ba."

Ya ɗingisa ya fitar da turmi. A majalisa da aka tambaye shi abin da ya sami ƙafarsa, ya ce aikin injiniya ba ya rabuwa da rauni, a Legas ma akwai wanda ya rasa yatsu biyu kuma yanzu shi ne babba a kamfani.

Ana gobe suna, da hantsi, ya zauna shi kaɗai ya tasa wufa a gaba. Hammawa ya tafi ɗauko kujerun haya. Ya Kaka da Murjanatu suna bayan gida wajen wankan jego, yana jin ƙarar ganye da ruwan zafi. Ya dubi kafet, ya dubi ƙarƙashin akwatin. Abin da ake so dai bakin wufa ya ga siminti. Abin da ya tsare kuma kafet ne. Kuma wufar in ta zauna, ai ta rufe duk abin da ke ƙarƙashinta.

Ya ce a ransa, "In an gama suna na mayar da yankin na manne da supa gulu. Tsohuwa ce, idonta ba zai gani ba."

Ya ɗauko murfin tukunya ya kifa a tsakiyar kafet, daidai kan wani babban fure da aka saƙa da zaren ruwan zinariya. Ya zare sabuwar reza ya bi gefen murfin. Kafet ɗin Makka bai ba da kai da sauƙi ba, sai da ya haɗa da wuƙar yankan albasa, gumi na ɗiga masa a hanci. Ya ɗago yankin, zagaye kamar faifai, ya cusa shi ƙarƙashin katifar babbar kujera. Ya mayar da wufa kan ramin, ya danna rimot.

Gum! Ƙasa ta amsa. Labule ya motsa. Ƙadangaren da ke bango ya saki hannu ya faɗo.

Bilyamin ya kashe da sauri, ya ɗaga hannu sama ya yi rawar ƙafa ɗaya. Da Hammawa ya dawo ya ji, shi ma sai da ya buɗe baki.

"Me ka yi mata?"

"Sirrin sana'a ne. Ku da tuƙa keke kuka sani."

Ranar suna aka raɗa wa yaro Abdulsalam da sassafe, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Alhaji Maigandi ya iso da hantsi a bayan wata a-kori-kura, dogon mutum mai farin gemu da sanda a kafaɗa, wanda ba ya magana sai ta zama dole. Ya zo wa mai jego da wani ƙaton rago balami mai murɗaɗɗen ƙaho, aka ɗaure shi a ƙarfen tagar falo ta tsakar gida, kusa da inda mata ke tuƙa tuwo da suyar waina.

Bilyamin ya durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba Alhaji. An sha hanya. Bisimilla, ga kujera."

Ya zaunar da shi a babbar kujera. Liman da dattawan unguwa suka zazzauna a kafet suna shafa shi suna cewa masha Allah. Aka kawo waina da miyar taushe. Bilyamin, cikin shadda mai sitaci da silifa ɗaya saboda kumburin yatsa, ya tsaya kusa da wufa ya dafa ta kamar mai tallar saniya.

Ya ce, "Baba Alhaji, na ji an ce an gama ɗakin taro. To gini jiki ne, sauti shi ne rai. Yawancin masu haɗa kaya a ƙasar nan ba su san cewa kafet maƙiyin bes ba ne. Ni na yi bincike a kai. Akwatin nan da kake gani, a kan kafet yake, amma yanzu za ka ji abin da ko a Legas sai manyan wurare."

Alhaji ya tauna waina ya ce, "To."

Bilyamin ya san ba a sa wa Liman kiɗa, don haka tun jiya ya tanadi fim ɗin namun daji. Talabijin ta kawo wani fili mai ciyawa, ga zaki kwance a gindin itace yana hamma. Bilyamin ya ƙure murya har ƙarshe, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Zaki ya miƙe, ya buɗe baki.

Abin da ya fito daga ƙarƙashin akwatin nan, mutanen Hausari sun daɗe suna ba da labarinsa. Gilashin taga ya yi kuka. Miya ta yi rawa a kwano. Liman ya saki wainarsa ya ce, "Innalillahi!" Wani dattijo mai ciwon gwiwa, da sai an kama shi yake tashi, aka gan shi a bakin ƙofa tsaye.

Rago kuwa kansa na jikin taga. Bai taɓa ganin zaki ba, amma kakanninsa sun bar masa wasiyya. Ya yi tsalle ɗaya igiya ta tsinke. Ya bi ta kan kaskon waina, ya ture tukunyar miya, mata suka watse suna salati, Muhsina ta haye kan randa. Ya nufi zaure ya tarar maroƙa da 'yan suna sun cika shi. Ya juyo, ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta falo. Ya shigo da labule a ƙaho kamar amarya.

Bilyamin na ta danna rimot, amma maimakon ya kashe sai ya mayar da fim baya. Zaki ya sake buɗe baki.

Rago in ya rasa hanyar gudu, karo ya sani. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya auna baƙin akwatin da ke masa gurnani. Bilyamin ya yi tsalle ya tare gaba yana cewa, "Kai! Kai! Ta Legas ce!" Ragon bai san Legas ba. Ya ɗauke shi a cinya ya zubar a kan kwanon miyar Liman, ya wuce ya sami wufa. Ta tashi sama, ta ja waya, waya ta ja talabijin, duka suka haɗu a jikin bango. Zaki ya yi shiru.

Alhaji Maigandi bai ko ajiye wainarsa ba. Ya miƙa hannu ɗaya ya cafke ƙahon ragon, ya murɗa, ya danne wuyansa da gwiwa, ya ce masa wata kalma da Fulatanci. Rago ya kwanta yana haki.

Sai a lokacin idanu suka koma tsakiyar falo. Inda wufa ta tashi, ga rami nan zagaye, tsaf, siminti na leƙowa ta cikinsa.

Ya Kaka na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, mata sun yi cincirindo a bayanta. Ba ta yi ihu ba. Ta cire takalmi, ta tako a hankali, ta tsuguna ta zura hannu a ramin ta shafa simintin.

Ta ce, "Ina furena?"

Bilyamin ya miƙe, miyar taushe na bin shaddarsa. "Ya Kaka, wallahi abin takaici. Ragon nan ne. Kin san dabba da ja. Kafin mu ankara ya cinye."

Alhaji ya ɗaga kai. "Tun ina yaro nake cikin dabbobi. Ban taɓa ganin ragon da ke cin abu da awo ba." Ya sa hannu ƙarƙashin katifar kujerar da yake kai. "Kuma tun da na zauna nake jin wani abu na tokare ni."

Ya zaro yankin, fure a tsakiya, zaren zinariya na walƙiya. Ya miƙa wa Ya Kaka da hannu biyu.

Murjanatu ta rufe fuska da mayafi. "Baban Abbas! A gaban Kawu? A ranar sunan ɗanka?"

"Ki tsaya ki ji. Ilimin sauti ne ya buƙaci haka. Kuma ai kowa shaida ne, aiki ya yi. Baba Alhaji, ka dai ji da kunnenka."

Alhaji ya ce, "Na ji. Ɗakin taron nan, bango zuwa bango kafet na sa masa. Gara na sani tun yanzu." Ya juya ga Hammawa. "Samo mini igiya mai ƙwari."

Ya Kaka ta sa dattawa suka tashi daga kan kafet. Ta kama gefe ɗaya, Muhsina ta kama ɗaya, suka ɗaga shi. Ta leƙa Bilyamin ta cikin ramin.

Ta ce, "Ɗan nan, ashe tela ne kai ban sani ba. Ka fasa masa wuya, ka ɗinka babbar riga. To zo ka saka kayanka, ka kai mini gida."

"Haba Ya Kaka, a naɗe shi mana, Hammawa ya kai a keke."

Hammawa ya ce, "Kekena ba mai."

Bilyamin ya dubi Liman. Liman na goge miya daga rawaninsa, bai ɗago ba. Ya dubi matarsa, ta juya baya. Ya Kaka ta ɗaga ludayi. Ya sunkuya ya zura kai.

Gidan Ya Kaka katanga ɗaya ne da nasu, amma ƙofarta ta ɗaya layin take, sai an zaga ta bakin titi. Haka Injiniya ya fito da tsakar rana, kafet ɗin Makka na jan ƙasa gaba da baya, kai kaɗai ake gani a sama da hula a karkace, yana ɗingishi da silifa ɗaya. Ya Kaka na biye da shi tana cewa ya ɗage, kada ya kwashe mata ƙasa. Maroƙan da suka zo suna suka ga abin yi ya samu, suka bi bayansa da kalangu. Keken Hammawa, da ba shi da mai, ya tashi lafiya lau ya shiga gaba yana hon.

Da suka iso majalisar mai shayi, kowa ya miƙe da kofi a hannu. Wani ya dunƙule hannu ya ce, "Ranka ya daɗe! An yi naɗi ba a gayyace mu ba?"

Bilyamin ya tsaya. Gumi ya rufe masa ido, ba hannun sharewa. Ya ɗaga haɓa daga cikin kafet ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ku yi dariyarku. Amma ku faɗi tsakaninku da Allah: daga falona har nan, kun ji zakin nan ko ba ku ji ba?"

Mai shayi ya ɗaga butarsa sama, ya tsiyaya a kofi, bai ko kalle shi ba.

Ya ce, "Zaki kam mun ji shi. Rago ma labarinsa ya iso. Jakin da zai ɗauko kayan muke jira, ga shi kuwa Allah ya kawo shi."